Titin da Gwaggo Mai Kitso Ta Hana Mu Bi

Duk macen da ta tashi a layinmu ta san zafin hannun Gwaggo mai kitso. Ba gwaggon kowa ba ce, haka dai muka taso muka ji ana kiranta. Ɗakinta ɗaya, kujerar tsuguno ɗaya, sai mataji da gwangwanin mai. Za ta matse kanki tsakanin gwiwoyinta, kina motsi ki sha ranƙwashi. Wai don kada mu yi kuka take ba mu labari, alhali labarin ya fi kitson sa kuka.

Ita ba ruwanta da tatsuniyar dabbobi. Labarin garin take bayarwa, har da kwaikwayon muryar mutanen da suka mutu tun ba a haifi iyayenmu ba. A bakinta muka ji inda marina suka zauna, da abin da ya tashi tsohuwar kasuwa. Wanda ta fi so kuwa shi ne na shekarar da kogi ya dawo. Babban titin kwaltar da muke taƙama da shi, in ji ta, hanyar kogi ce aka cike. Sai ta sa baki a kunnenki ta yi ƙarar ruwan, wani gurnani can ƙasan maƙogwaro.

"Waɗanda suka bi hanya mai faɗi, ko takalminsu ba a gani ba. Waɗanda suka tsira, lungun marina suka bi suka hau tudu. Maimaita!"

Na tsani labarin nan. Da na haifi tawa 'yar, shagon gyaran gashi mai talabijin nake kai ta. Har na taɓa ce wa Gwaggo ta daina firgita yaran mutane.

"To, uwar wayo," ta ce, ko kallona ba ta yi ba.

Shekaranjiya waccan... a'a, bara ne, amma ji nake kamar jiya. Kwana uku ana ruwa. Da rana tsaka ina matse wanki na ji gurnanin nan, sak yadda Gwaggo take yi. Kafin in ɗauko yarinyar, ruwa ya kai idon sawu.

A waje kowa titi ya nufa, motoci na ta danna oda. Maƙwabciyata, matar tela, wadda aure ya kawo ta layin, ta ƙwala mini kira.

"Maman yarinya, ina za ki? Ga titi nan!"

Tsoro ya rufe mini baki. Na ɗora 'yata a wuya na faɗa lungun marina. Ruwa har ƙugu, bango na goga kafaɗuna, yarinya ta shaƙe ni tana ihu. Ban san yadda na hau tudun ba.

Gwaggo na can zaune a kujerarta, jiƙe sharkaf, tana duba fuskar duk wanda ya fito daga lungun. Yawancinsu matan da ta yi wa kitso ne, suna jaye da mazansu da 'ya'yansu. Na waiga. Babu titi, sai jan kogi yana juya wata bas.

"Ina matar tela?" ta tambaye ni. "Ita ba ta taɓa zama a gabana ba. Kin faɗa mata?"

Har yau ba a gan ta ba.

Bayan mako guda na tsefe wa 'yata kai, na tura ta tsakanin gwiwoyin Gwaggo.

"Ki matse ta sosai, Gwaggo. Kada ki rage mata komai."