Shekarar da Kawu Ovila Ya Dafa Maɗi a Kicin

Kawu Ovila, yayan mahaifiyata, shekara sittin ya yi yana huda itatuwan mapul, masu ruwa mai zaƙi, da ke bayan gidansa a karkarar Beauce. Da sanyi ya fara sassautawa, ruwa ya daskare da dare ya narke da rana, sai ka gan shi da bokitai yana bin itatuwan. Bokiti arba'in na ruwan itace ke ba da bokiti ɗaya na maɗi, kuma a bukkar daji ake dafawa, don tururin ba na wasa ba ne. Muna yara yakan tsiyaya mana mai zafi a kan dusar ƙanƙara mu naɗe da tsinke. Wayyo, har yau ban sake lasar irinsa ba.

Da ya cika tamanin da ɗaya sai gwiwa ta ƙi. 'Yarsa Ghislaine ta samo masa ɗaki a gidan tsofaffi a birni.

"Baba, ko bukka ba ka iya kaiwa, zaman me kake yi a nan?"

"Ke dai ki zo ran Lahadi ki sha maɗi. In babu, ki tafi da ni."

Taurin kai ke nan. Tunda bukka ta yi nisa, ya huda itatuwa shida na bakin ƙofa, ya jera tukwane a murhun kicin. Mutumin da ya sha yi wa baƙi 'yan birni dariya a kan wannan wautar! Kwana uku yana dafawa, tagogi a rufe saboda sanyi.

Ran Lahadi na raka Ghislaine. Muna tura ƙofa muka tarar takardar bango mai furanni, wadda marigayiya matarsa ta liƙa da hannunta, ta saɓule ta zubo ƙasa. Rufi na ɗiga, ko'ina danƙo. Shi kuwa yana zaune, kwalba ɗaya a gabansa.

"Ga shi," ya ce. "Na cika alkawari."

Ghislaine ta ɗiba a cokali ta lasa, ta daɗe tana kallon bangon. Gaskiya na ji haushinta, don na san abin da za ta faɗa. Sai ga shi ya riga ta.

"Bari, 'yar nan, ni ma ina da ido. Je ki ɗauko min akwatina."