Akwai Mai Sauka

Ranar da muka tashi an kwana ana ruwa. Da asuba na tarar ƙofar gida ta yi taɓo, kaji sun lafe a ƙarƙashin rumbu. Inna ta dama koko. Baba ya sha nasa a zaure, ya ce sukari ya yi yawa, kamar yadda yake faɗa kullum. Masararmu ta bayan gari ta yi goyo. Ya ce idan mun dawo da yamma in kai shi ya taɓa ta da hannunsa.

Yanar ido ce ta rufe masa gani. An ce mana a Funtua ana cire ta. Abin da ya fitar da mu ke nan. Ni ne ɗansa na fari. Sunana Abubakar, amma ban taɓa jin sunan a bakinsa ba, saboda kunyar ɗan fari. "Kai" yake ce mini, ko ya yi gyaran murya in gane da ni yake.

Daga ƙauyenmu na ƙasar Kafur babur ya kai mu Malumfashi. Da hantsi muka shiga ƙaramar bas. Direban, wani siririn mutum mai suna Ɗanjuma, ya dubi tsufan Baba ya ba shi kujerar gaba. Na zauna a bayansa. Kusa da ni akwai Malam Sabo, mai sayar da taki, da Hajiya Ladi, mai sana'ar man gyaɗa. Ana ta hirar tsadar taki.

Ba mu kai Bakori ba. Muna shan wata kwana muka ga itace a gicciye a titi. Ɗanjuma ya taka birki. Harbi ya tashi daga cikin dawa ta hagu. Gilashin baya ya zube a wuyanmu.

"Ku sauko! Ku kwanta!"

Na fito da Baba ta ƙofar gaba. Sandarsa ta faɗi a kan kwalta. Na sunkuya zan ɗauka, aka sa mini gindin bindiga a ƙeya. Wasu fasinjoji sun faɗa cikin dawa sun tsira. Mu tara aka ɗora a kan babura. Muka nufi yamma. Gonaki suka ƙare, daji ya fara. Ana gab da magariba aka sauke mu a gindin wani dutse. Aka zura mana sarƙa ɗaya a ƙafa, aka sa kwaɗo.

Da safe muka ji usur.

Mai usur ɗin bai kai ni shekaru ba. Yaransa na kiransa Ciyaman. Daga baya na ji ɗayansu yana cewa ya taɓa zama yaron mota a wata tasha, aka kore shi da mari. Ban sani ba ko gaskiya ne. Ya sa aka kwance mu. Ya kai mu wurin wani gungumen ɗorawa da iska ta kayar. Ya ce wannan ita ce motarmu, tafiyarmu ba ta ƙare ba, shi zai kai mu Funtua.

Ya jera mu a kan gungumen yadda muka zauna a bas. Ɗanjuma a gaba, an ba shi murfin tukunya a matsayin sitiyari. Baba a gefensa. Ni a baya. Ya nuna wata tsamiya ya ce ita ce Bakori. Ya nuna wani suri ya ce shi ne asibiti. Inuwar da muke kwana ita ce tasha. Ya ce duk wanda ya kira itace itace, ko ya kira daji daji, zai sha bulala. Kuma ba mai sauka sai ya busa usur.

"Direba, tayar da mota."

Ɗanjuma ya tsaya yana kallon murfin. Aka zuba masa dorina a wuya. Ya fara yin ƙarar inji da baki.

Haka muka shiga tafiyar da ba ta zuwa ko'ina. Kullum da hantsi, sannan bayan azahar. Idan Ciyaman ya ce "Rami!" sai mu zabura sama. Idan ya ce "Kwana!" sai mu karkata. Idan ya ce "Shinge!" sai yaransa su zo a matsayin jami'ai, su tambayi takardun mota, su mari kowa. Idan ya ce mun iso, sai mu sauka mu durƙusa mu gaida itatuwa. Sai ya ce wannan uwarka ce. Wannan matarka ce, tambaye ta yara. Shi yana ɗauka a waya. Wanda bai yi da kyau ba, ba shi da rabo a tuwon ranar, tuwon da ba miya.

Da yamma ake kiran 'yan'uwanmu a waya, a doke mu su ji kukanmu. Wannan na san dalilinsa. Motar ce ban san dalilinta ba. Ba ta ƙara masa komai. Daɗi kawai take yi masa.

Baba ba ya zabura, ba ya karkata. Yana zaune a miƙe, hannuwansa a kan gwiwa. Ranar farko an yi masa uzuri da makanta. Kashegari aka fara dukansa. Na koma ina riƙe rigarsa ta baya, in an ce kwana in ja shi da ƙarfi ya karkata. Bai hana ni ba. Bai kuma taimake ni ba. Kowace asuba abu ɗaya yake tambayata: "Kai, ina gabas?" Sai in kama kafaɗarsa in juya shi. Mu yi taimama, mu yi salla a zaune da sarƙa.

Wata safiya Ciyaman ya ce da Hajiya Ladi mutanenta sun cika alkawari, yau za ta gida. Ta fashe da kuka. Ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Ta ce da Baba za ta je har ƙauyenmu ta gaya wa Inna yana raye. Aka ɗaure mata ido, aka ɗora ta a babur. Muna jin ƙararsa ya zagaya dutsen ya dawo. Aka kwance mata ido a gaban gungumen.

"Hajiya, sannu da zuwa Funtua. Gaida mutanen gida."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta durƙusa ta gaida tsamiya. Daga ranar ba ta sake magana da kowa ba.

Malam Sabo kuwa wayar ƙaninsa ta daina shiga. An kira, an kira, a kashe. Bayan azahar ɗin wata rana muna kan gungume, Ɗanjuma yana ƙarar inji, Ciyaman ya kawo sabuwar kalma.

"Hatsari!"

Muka zube ƙasa, don mun ɗauka abin da ake so ke nan. Ya bi ta kanmu yana dubawa. Ya ce wannan ya karye, wannan ya ji rauni. Da ya zo kan Malam Sabo ya ce wannan ya mutu. Malam Sabo ya rufe ido, ya saki jiki, yana yin abin da aka sa shi. A haka aka harbe shi. Jininsa ya taɓa hannuna. Ba a bar mu mun yi masa sutura ba. Suka ja shi bayan dutse.

Kashegari da muka hau, na matsa na zauna a wurinsa ba tare da na lura ba. Ciyaman ya busa usur. Ya ce ban ga mutum ba ne zan zauna a cinyarsa? Ya ce Malam Sabo yana cikin mota, bai sauka ba, tunda ba a busa masa usur ba. Aka yi mini bulala. Daga nan kullum sai mu bar masa gurbi. Kullum sai in juya in ce wa gurbin, "Malam Sabo, ina kwana." In an zo shinge, ni nake karɓar marinsa.

Kwanaki suka cakuɗe mini. Na fara mafarkin motar. Wata rana na ji bakina ya ce wa Baba mun kusa Bakori, kuma babu wanda ya sa ni. Baba ya juyo da fuskarsa wajena.

Ranar ƙarshe, tun kafin gari ya waye, muka ji babura suna tashi da yawa. Suka yi kudu. Sansanin ya yi shiru. Da haske ya fito na ga saura Ciyaman da yara huɗu. Muka yi salla. Baba ya shafa addu'a, ya laluba ya kama wuyan hannuna.

"Abubakar."

Na ɗauka wani ne ya yi magana.

"In na sauka, kada ka biyo ni. Gabas za ka yi."

Na buɗe baki, ya matse hannuna. Ya saki.

Da hantsi ba a yi mota ba. Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas, iska ta fara kaɗa ganye. Usur ya tashi. Aka kwance sarƙa. A kan gungumen nan kaɗai ƙafafunmu suke zama a sake. Muka hau. Na gaida gurbin Malam Sabo. Ɗanjuma ya tayar da mota. Muryarsa ta riga ta dushe, ƙarar tana fita kamar ana jan buhu a ƙasa. Aka yi rami. Aka yi kwana. Na ja rigar Baba. Ya sa hannu ya cire yatsuna daga jikinta.

"Direba," in ji shi, da muryar da yake kiran mutane a gona, "akwai mai sauka."

Ɗanjuma ya daina ƙarar inji. Ina jin hannunsa ne ya riga tunaninsa. Ya karkata murfin tukunyar dama, kamar mai sauka daga kwalta. Ya ce, "To, Baba. A sauka lafiya."

Baba ya miƙe. Ciyaman ya busa usur har sau uku.

"Koma mota!"

"Wannan itace ne," in ji Baba. "Nan kuma daji ne. Ni na iso."

Ya miƙa hannuwa gaba, ya fara tafiya. Ya san inda gabas take, ni na nuna masa da asuba. Yamma ya nufa, wajen dutsen, wajen bukkokin su Ciyaman.

Wani yaro ya ɗaga bindiga. Ciyaman ya danne ta. Yana dariya. Ya ce a bar makaho ya kai kansa gida, a ga inda zai kwana. Ya ciro waya ya bi shi. Yaran suka bi. Ɗaya ya sa masa ƙafa, ya faɗi. Ya tashi. Wani ya ce ga ƙofar gidanka nan, ya tura shi cikin ƙaya. Ya fito, ya ci gaba. Duk taku yana ƙara jan su nesa. Dukansu biyar sun ba mu baya.

Ɗanjuma ya sake tayar da mota. Ya ɗaga ƙarar fiye da kullum. Bai waiwayo ba. Ya sauke hannun hagu ƙasa, yana yi mana alama da yatsu: ku tafi, ku tafi. Muddin inji yana ƙara, su a wurinsu mota tana tafiya, fasinja suna ciki.

Na baya suka fara zamewa cikin ciyawa. Hajiya Ladi ba ta motsa ba. Na kama hannunta na ja. Na waiwaya sau ɗaya. Baba yana durƙushe, yana ƙoƙarin tashi, farar rigarsa ta yi ja a kafaɗa. Ban bi shi ba.

Muka yi rarrafe har ciyawa ta rufe mu, sannan muka tashi da gudu. Ruwa ya sauko. Ta cikin ruwan ina jin ƙarar Ɗanjuma tana bin mu, tana raguwa. Sai usur. Sai ƙarar ta tsaya. Harbi ɗaya. Jim kaɗan, wani harbin, daga can wajen dutse. Bayan nan harbi ya yi yawa, ta ko'ina.

"Ku tsaya! Ku dawo mota!"

Mu shida muka gudu. A bakin wani rafi muka rabu. Wata mata da ƙaninta suka bi gaɓa ta arewa. Mu huɗu muka faɗa ruwan, ya kai mu ƙirji. Babur ya zo bakin rafin ya tsaya, ya yi ta ƙara, ya juya. Ruwan sama ya shafe sawunmu. Muka sa iska a fuska, don daga gabas take. Takalmi babu. Ƙafar Hajiya Ladi ta tsage, muka riƙa goyonta bi da bi. Duhu ya same mu a cikin wani kwazazzabo, muka kwana a nan.

Da asuba muka ji zakara. Can kuma injin niƙa. Muka bi ƙarar har muka faɗa gonar masara. Mai gonar ya gan mu ya yar da fartanya ya ruga. Sai da Hajiya Ladi ta yi masa sallama da ƙarfi ya tsaya. Maganarta ta farko ke nan tun ranar tsamiya.

Mutanen ƙauyen suka ba mu kunu. Suka sa mu a bayan motar ɗaukar kaya. Da azahar muka shiga Funtua. Aka kai mu asibiti a wanke mana rauni. Ina zaune a benci na ga layin tsofaffi, kowa da auduga a ido ɗaya, kowa da wanda ya rako shi.

Mu tara aka ɗora a gungumen. Huɗu muka dawo. Matar nan da ƙaninta har yau ba labari. Ɗanjuma ya bar 'ya'ya uku, na je na gan su. Ba a samo gawar kowa ba. An yi wa Baba salla a ƙofar gida, ba makara a gaban liman. Masarar ta nuna, na karye ta ni da ƙannena.

Ina shiga mota in ta kama dole. Amma in an zo inda zan sauka, bakina ba ya buɗewa. Sai in zauna a wuce da ni, har wani ya faɗa, in bi bayansa, in dawo da ƙafa.

Inna ta tambaye ni ko ya bar wata magana. Na ce ya kira sunana. Ta ce sau nawa. Na ce sau ɗaya.