Goggon Ƙyalle da Buhun da Aka Ƙona

Kafin teloli su buɗe shagunansu, Goggon Ƙyalle ta riga ta iso. Takan bi layin ɗinki shago-shago tana tsintar guntayen yadin da almakashi ya zubar, sannan ta koma ƙarƙashin matakalar bene, inda ta shekara ashirin da shida tana zama. Kayan aikinta ba su taka kara sun karya ba: allura, reza, zare, da wani tsohon keken hannu mai tari kamar mashayin sigari.

Ba ta sa wa tsohuwar riga almakashi kai tsaye. Sai ta farke ɗinkin da reza a hankali, ta wanke, ta goge, ta cire inda ya mutu, ta ajiye inda ke da sauran ƙarfi. Teloli kan tsokane ta: "Goggo, riga ɗaya kwana biyu? Ai mu da mun ɗinka goma."

"Ku ɗinka ɗari ma," in ji ta, "ƙarshensu wurina za su zo."

A hannunta wandon da gwiwa ta cinye kan zama jakar makaranta, yagaggen labule ya zama matashi. Ungozomar asibitin unguwa ta ce ta daina ƙirga jariran da uwayensu suka zo hannu rabbana aka naɗe su a bargon Goggo.

Watan jiya matar wani direba da ya rasu ta kawo mata rigunan mijinta bakwai. 'Yarsu mai shekara biyar ta ƙi barci tun rasuwar, sai ta rungume rigar uban. Uwar na so a haɗa mata bargo guda da su. Kwana tara Goggo ta yi tana farka tana yankawa, ta jera ƙyallayen a buhu, saura haɗi kawai.

Ranar da ta je a duba mata ido, sabon mai kula da ginin, mai takalmi fes da kai fanko, ya sa aka kwashe buhunanta uku aka cinna musu wuta a bayan gini. Wai tsafta. Teloli goma sha biyu suna kallo. Waɗanda take share wa shago kullum, babu wanda ya ɗaga ƙafa daga keke ya ce a dakata. Kunya dai ba ta ishe su ba!

Da ta dawo ta tarar da toka, sai ta nufi mai kula da ginin.

"Ɗan nan, ka buɗe buhun kuwa?"

"Haba Baba, tsumma ne fa."

"Tsumman wa? Ka tambaya?"

Ya ɗaga kafaɗa ya wuce ofishinsa.

Ba ta aika kowa ba. Da ƙafarta ta je gidan matar direban, ta zauna a ƙasa ta ce, "'Yata, amanarki ta salwanta a hannuna, ki yafe mini." Laifin wani ta ɗauka ta ɗora a kanta, kuma wannan shi ne abin da ya fi ƙona rai. Suka yi kukansu. Aka bincike ɗaki kaf, abin da ya rage na marigayin rigar aiki ce guda ɗaya, duk tabon baƙin mai. Ita Goggo ta farke, da idon da likita ya ce ta hutar, ta ɗinka ɗan matashi.

Ke ce, Goggo, mai ganin amfani a inda muke ganin shara. Kin rufa wa jarirai asiri ba su san sunanki ba. Mun gode, Allah Ya saka miki, Ya ƙara wa idonki haske. Mu kuma, in ba za mu iya riƙe allura kamar ke ba, mu iya buɗe baki ranar da aka zo taka irinku.

Da aka miƙa wa yarinyar matashin, ta shinshina shi, ta ƙanƙame, sannan ta ɗago ta ce, "Goggo, ina sauran rigunan Baba?"

Ba Goggo ce ya kamata ta amsa ba. Ga mai kula da gini nan, ga teloli goma sha biyu, yarinyar tana jira.