Daren da Baffa Ya Sauka Kama Ruwa

Jama'a, abin da zan ba ku ba a bakin wani na ji ba, da ni ya faru, kuma wallahi ban ƙara masa gishiri ba. A lokacin ina ɗinki a kasuwar Jalingo, ina zaune a unguwar Sintali da iyalina, shekara uku ko huɗu ke nan da yanke mana sabuwar jiha, gari ya fara cika da ma'aikata, kowa yana neman kaftanin zuwa ofis. Iyayena mutanen Zariya ne amma a Jalingo aka haife ni, matata kuwa Bafulatana ce, mahaifinta muna ce masa Baffa.

Baffa dogon tsoho ne siriri, mai tsafta, wanda ko tari zai yi sai ya juya baya. Cutar yanar ido ta rufe masa ido biyu, in ban da haske da duhu ba abin da yake bambancewa, likita ya ce sai an kai shi Kaduna an yi masa aiki. 'Ya'yansa maza sun bi shanu can wajen Kamaru, don haka tafiyar ta faɗo kaina. Ana gobe za mu tashi matata ta ja ni gefe ta ce, bayan idon akwai wata matsala, Baffa ba ya iya riƙe fitsari ya daɗe, kuma ko zai mutu ba zai buɗe baki ya gaya mini ba.

Wanda bai yi surukuta da Fulani ba zai ga kamar wasa nake. Shekara tara ina auren 'yarsa bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce "mai keke", saboda keken ɗinkina. Ban taɓa ganin ya kai loma baki ba, ni ma ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. To mutumin da kuke haka da shi, ta yaya zai ce maka ka tsayar da mota zai zaga?

Nan ne wayona ya kawo mini jirgin ƙasa. Mu Jalingo ba mu da layin dogo, sai an je Gombe, amma wani abokina mai sayar da yadi ya rantse mini cewa kowane tarago da ban ɗakinsa, da famfo, har da wurin sayar da shinkafa da shayi. Na ce shi ke nan, tsoho zai tashi da kansa ya lalubi ƙofa ya biya buƙatarsa, ni kuwa in yi kamar barci nake, kowa ya tsira da mutuncinsa. Har yabon kaina na riƙa yi, ni da ko ganin jirgi ban taɓa yi ba sai a kalanda.

Muka kama hanyar Numan da sassafe, ƙarshen damina ne, har muka isa Gombe Baffa bai sa ko ɗigon ruwa a bakinsa ba, kuma na san dalili. Jirgin da aka ce zai zo da la'asar bai iso ba sai bayan isha'i. Da ƙyar na samar mana benci kusa da taga, na zaunar da shi, sannan na sulale na je duba ban ɗakin nan da na baro garinmu dominsa.

Kai jama'a! Na wajenmu 'yan kasuwa sun cika shi taf da buhunan busasshen kifi da albasa, wani ƙato yana zaune a kai yana gyangyaɗi. Na ɗaya ƙarshen an ɗaure ƙofarsa da waya, warin da ke fitowa ta ƙasa kaɗai ya isa ya gaya maka famfon ya daɗe da mantawa da ruwa. Hanyar zuwa tarago na gaba kuwa mutane ne kwance har bakin ƙofa, mai ido ma sai ya taka wani, balle makaho.

Ga laifina nan, ba zan ɓoye ba. Na dawo na zauna ban ce masa komai ba. Na buɗe baki ya fi sau uku, kunya ta hana ni, na rasa da wace kalma zan fara. Abin da na iya kawai shi ne na cika buta da ruwan da na saya a tasha, na ajiye ta daidai ƙafarsa yadda zai taɓa ta. Ya taɓa, ya gane, shi ma bai ce komai ba.

A bencin da ke fuskantarmu akwai wata dattijuwa Kirista, mutuniyar Kona ta kusa da Jalingo, ana ce mata Mama Ladi, za ta Kafanchan wajen 'yarta da ta haihu. Mace ce mai surutu da kirki. Ta miƙo mana dafaffiyar gyaɗa, Baffa ya yi godiya ya ƙi karɓa, sai ta dube ni ta ce, "Kai, baban ka ɗin nan ba ya ci, ba ya sha, azumin dare ne yake yi?" Na yi dariyar yaƙe na ce ya ƙoshi ne.

Dare ya raba, fitilar taragon ta mutu, jirgi yana ta jijjiga mu, ga gajiyar mota, wallahi ban san lokacin da barci ya sace ni ba. Ni da na shirya yin barcin ƙarya, sai ga na gaske ya zo. Cikin barcin na ji kamar jirgi ya tsaya, na ji hayaniyar mutane, na gyara wuya na ci gaba.

Da na farka jirgi yana sheƙa gudu, ana yayyafi. Na kai hannu gefena na ji wayam. Na kunna tocila, ga bargon Baffa an naɗe shi tsaf a kan benci, babu shi, babu buta. Na tashi Mama Ladi da ƙarfi, ta ce, "Ai ya sauka da butan shi lokacin da jirgi ya tsaya a daji, mutane da yawa sun sauka fitsari. Na ce bari in tashe ɗanka, ya riƙe hannu na, ya ce a bar ka. Ni na ɗauka ya shigo ta ƙofan baya ne."

Innalillahi! Na bi taragon nan ɗaya bayan ɗaya ina haska fuskokin mutane, ina taka wannan ina ba wancan haƙuri, ina shan zagi, har wajen masu shayi na je, babu Baffa. Na samu ma'aikacin da ke ƙarshen jirgi na kama rigarsa na ce a tsaya. Bawan Allah bai yi fushi ba, ya ce, "Malam, ko na tsayar da shi baya zai koma? Ka yi haƙuri mu kai tasha ta gaba, in gari ya waye a sa leburori su bi layi da 'yar kurar da suke turawa a kan dogo su duba." Na ce makaho ne fa. Ya kawar da kai.

Na koma bakin ƙofa na tsaya ina kallon duhu. Tsoho makaho, wuni guda bai ci ba bai sha ba, shi kaɗai a dajin da bai sani ba, ga ruwan sama, ga macizai. Me zan je in gaya wa 'yarsa? In ce na yar mata da uba a daji don ina jin kunyar ambatar ban ɗaki? Na rantse har na fara auna inda zan dira, sai na ji an finciko ni ta baya. Mama Ladi ce. Ta ce, "Kana hauka ne? In ka karya wuya wa zai nemi tsohon?" Ta zaunar da ni a ƙasa, ta riƙe bakin rigata ba ta saki ba, tana addu'arta da yarensu ina tawa. Ina da agogo a hannu, daga farkawata zuwa tsayawar jirgi awa ɗaya da rabi ne da 'yan mintoci, kuma a ciki mun haye wata doguwar gada, ina jin ƙugin ruwa a ƙarƙashinmu.

Gab da asuba muka shiga wata 'yar tasha, ɗaki ɗaya da rumfar kwano. Jirgi bai gama tsayawa ba na dira, ina neman mai kula da wurin. Tocilata ta faɗa kan benci a ƙarƙashin rumfar, sai ga Baffa zaune, ya harɗe ƙafa yana jan carbi, butarsa a gefe.

Na durƙusa a gabansa. Rigarsa a bushe take ƙamas, takalminsa babu taɓo, butar kuma cike take har wuya. Ya ji numfashina, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba, ya ce a hankali, "Mai keke, jirgin ya iso ke nan? Useko, na gode. Abin da ka yi mini daren nan, Allah ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini."

Ya ci gaba, yana faɗa kamar mai neman gafara. Wai ya yi nisa da layi ne don kada wani ya gan shi, da ya ji kukan jirgi sai ya rikice ya rasa gabas da yamma, ya zauna ya yi kalmar shahada. Wai sai ga ni na zo, na juya masa baya har ya gama, na zuba masa ruwa, na kama hannunsa muka yi 'yan taku kaɗan, ba su kai daga gidansa zuwa masallaci ba, na zaunar da shi na ce ya jira, jirgi zai zo ya same mu.

Mama Ladi tana tsaye a bayana, na ji ta ce "Yesu!" ƙasa-ƙasa, ta buɗe baki za ta yi magana na girgiza mata kai. Na ja mai kula da tashar gefe. Ya ce shi dai ya fito da fitilarsa don tarar jirgi ya tarar da tsoho zaune, bai ga kowa tare da shi ba, bai ji mota ba, babu ma hanyar mota a wajen. Da na gaya masa inda muka bar tsohon, ya ɗaga fitila ya haska fuskata ya ce ƙaƙƙarfan saurayi ma in ya taso daga can da ƙafa sai la'asar, gadar nan kuwa ko su ma'aikata ba sa haye ta da dare.

Na kama hannun Baffa na hau da shi jirgi. Daga nan har Kaduna na ajiye kunya a gefe, kowace tasha sai na sunkuya na ce, "Baffa, mu sauka." Aka yi aiki, ido ɗaya ya buɗe, muka dawo Jalingo lafiya.

Shekara shida ya ƙara a duniya, kuma duk gaisuwar da na je sai ya sa mini albarka saboda daren nan. Duk lokacin da ya yi sai in ji kamar ɓarawo, in ce amin a baki, a zuci in ce ya Allah ka kai wa mai ita. Ko matata ban gaya wa ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi na ga ba zan bari ya tafi da ƙaryata ba, na jira ɗaki ya yi shiru na ce, "Baffa, akwai maganar da na daɗe ina ɓoye maka."

Ya ɗaga hannu ya ce, "Na jirgi? Ai na sani."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Muryarka ce, babu ko shakka. Amma da Fulatanci ya yi mini magana tun daga farko har ƙarshe, irin na tsofaffinmu da yanzu ba a yi. Kai kuwa shekara nawa kana shiga gidan nan ba ka wuce gaisuwar 'jam na' ba." Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi. "A kan bencin nan na zauna na yi tunani na gane. Na ce in na faɗa, za a ce surukina ya yi barci ya yar da ni a daji, laifin kuwa nawa ne da na sauka ban tashe ka ba. Shi ya sa na bar maka yabon, na ce kai ne."

Na ce to wane ne? Ya ce bai tambaya ba, mutum ba ya tambayar wanda ya zuba masa ruwan tsarki. Na fita waje na yi kuka kamar yaro, kwana biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa.

Har yau ban san wa ya ari muryata a daren nan ba, na tambayi malamai kowa da abin da ya ce, na daina tambaya. Godiya dai nake yi, ga Allah, da wannan bawa nasa ko wane ne shi, da Mama Ladi da ban sake gani ba, da tsohon da ya ɗauke mini abin kunyata shekara shida bai nuna mini a fuska ba. Ku kuma in tafiyar dare ta haɗa ku da tsoho, ku duba wurin zagawa tun abin hawa bai tashi ba, in babu ku buɗe baki ku gaya masa, ku tambaye shi ko da zai ji nauyi. Ni an je an kama hannun tsohon nawa a madadina, ban kuma san ko ana yi wa mutum haka sau biyu ba. Yanzu haka da nake rubutun nan, in na tuna akwai wanda ya yi tafiya cikin dajin nan yana magana da muryata, sai tsigar jikina ta tashi.