Tabarau ɗin da ya raba ni da yayana

Shekarun baya, ban daɗe da fara koyar da zanen gine-gine a jami'a a Zariya ba, aka ba ni kwas ɗin tsara gidajen zama. Da zumuɗin sabuwar malama na ba ɗalibai aiki, na ce kowa ya zana wa iyalin Bahaushe gida. Da suka kawo, sai da na cire gilashina na goge na mayar. Daga buɗe ƙofar waje sai falo, matar gida kuma ba ta isa kicin sai ta ratsa ta gaban baƙin mijinta. Babu inda za a yi daka, babu inda za a yi shanya.

Na fara faɗa kenan sai wani ɗalibi ɗan kudu, wanda babansa ke da shago a Kwangila, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malama, a garin nan aka haife ni, amma ban taɓa wuce zauren kowa ba." Na ga gaskiyarsa. Su ma namu samarin, tun da suka balaga suka koma ɗakin soro, tsakar gida sai dai shiga ɗaukar kwanon abinci.

A shekarar sashenmu ya samu tabarau na VR, irin wanda in ka ɗaura a ido sai ka ga kanka tsaye a wani wuri, kana juyawa kana kallon ko'ina. Gidajen Turai ne a ciki, har da murhun jin ɗumi. Na ce ni ba zan gina kwas a kan wannan ba. Na ɗauki kyamarar sashe mai ɗaukar zagaye, na nufi gidanmu na Tudun Wada, tsohon ginin ƙasa da mahaifinmu ya bari. Mahaifiyata ta yarda, da sharaɗin kada mutum ko ɗaya ya fito a hoton. Kowa ya shige ɗaki aka saki labule, na ɗauki zaure da soro da tsakar gida har zuwa madafi.

Abin ya yi aiki fiye da zatona. Ɗalibi na tsaye a aji yana juyi sai ka ce mai neman allura, sai ka ji ya ce, "Malama, daga zaure ba a hango ciki!" Zanen da suka sake kawowa ba ka ce hannu ɗaya ne ya yi shi da na farko ba.

To, Zariya ba ta da sirri. Baban wani ɗalibina masallaci ɗaya suke salla da yayana, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu. Ya aika aka kira ni, na same shi a zaure ya haɗa rai.

"Ke, gidan ubanmu kika mayar gidan kallo? Ƙartin maza na yawo a tsakar gidan Hajiya?"

Na ce, "Yaya, babu kowa a hoton. Bango ne da rijiya da turmi."

"Ba shiga aka rubuta a ƙofar nan, ba a ce sai in da mutane a ciki ba. Ki goge shi yau. In ba haka ba, babu ni babu ke."

Maganar ta yi min nauyi, don mutumin nan shi ya riƙe ni har na gama karatu, kuma ba ya magana biyu. Na shiga ciki, mahaifiyata ta riga ta ji komai. Ta ce, "Ki goge kawai a zauna lafiya."

Na roƙe ta ta gani da idonta tukuna. Washegari na kawo tabarau ɗin, na ɗaura mata a kan ɗankwali tana zaune a tabarma. Ta yi salati, ta miƙa hannu tana laluben iska, sai cewa ta yi, "Wace marar hankali ce ta bar min tsintsiya a bakin rijiya? Haka kika nuna wa mutane?" Daga nan ta ci gaba da juya kai a hankali. Da ta cire ta ce, "Allah ya ji ƙan Malam mahaifinku. Shi ya sa magini ya karkata ƙofar soron nan, don in sake a gidana."

Na durƙusa na ce, "Hajiya, maganar gogewa, umarni ne ko shawara?"

Ta ce, "Shawara ce. Ai kin girma."

Na fita zaure wurin yayana. Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba zan goge ba. Yaran nan su za su gina gidajen da 'ya'yanmu mata za su zauna. In ba su ga yadda aka sirranta mu ba, gaban baƙi za su riƙa fito da su." Ya sa takalminsa ya fita.

Ya cika maganarsa kuwa. In na gaishe shi sai ya kau da kai. Na haihu bai zo suna ba, ranar na yi kuka sosai, don ni jarumtar a baki take, hawayena a kusa suke. Sai da kawunmu ya sa baki muka koma gaisawa.

Har yanzu abin na yi min ciwo, kuma na san ba mugunta ce ta sa shi ba, mutuncin gidan yake karewa. Amma ni ma shi nake karewa, kuma ni na tashi a tsakar gidan nan, na san abin da karkatacciyar ƙofa take yi wa mace. Ban yarda mai zaman zaure shi kaɗai zai yanke hukuncin cikin gida ba.

Yanzu muna zumunci lafiya lau, yaransa ma a gidana suke hutu. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban taɓa cewa na yi kuskure ba. Ranar Litinin ina da sababbin ɗalibai, kuma da gidanmu zan fara.