Fasassun Kwanukan da Ke Kan Kaburburanmu

Ranar Litinin ta farko a watan jiya, hukumar da ke kula da gidan wani tsohon Shugaban Ƙasa na zamanin bauta ta tura ma'aikata suka share maƙabartar kakanninmu tas. Suka kwashe fasassun kofuna da faranta da tuluna da ke kan kabari arba'in da uku, suka ɗura a buhuna. Wai za a yi taron tunawa da shi, kada baƙi su ga shara.

Wadda aka fi yi wa wannan ta'asa ita ce Goggo Ozella Mabry, yayar babana, mai shekara tamanin da bakwai. Duk wannan yanki namu na Virginia babu wanda bai san ta ba. A ɗakin katako aka haife ta, bayan gonar taba, mil biyu daga Babban Gida, wato gidan Shugaban. Kakarta Keziah ce ta rene ta, ita kuwa Keziah baiwa aka haife ta a wannan gona, a hannun magadan Shugaban, tana 'yar shekara bakwai 'yanci ya zo.

An hana mutanenmu karatu, don haka babu kabarin da aka rubuta wa suna. Sai a kafa dutse a wajen kai, a ɗauko kwanon da mamacin ya yi amfani da shi na ƙarshe, a fasa shi a kan kabarin don kada mutuwa ta bi sauran 'yan gida. Kwanon ne sunan. Kowace Lahadi in an tashi daga coci, Keziah za ta ja hannun jikarta ta bi da ita layi-layi. Kofi mai shuɗin baki, Cato ne, maƙerin da ya yi wa dawakin Shugaban takalma. Tulu mai ruwan ƙasa, Dilsey ce, wadda ta yi shekara talatin tana dafa wa Shugaban abinci, aka sayar da 'ya'yanta biyu tana tsaye a bakin murhu. In yarinya ta yi kuskure sai a murɗe mata kunne a koma farkon layi. Keziah ta rasu Goggo tana da shekara goma sha uku, kuma tun daga ranar ita ke cire ciyawa, ita ke maido kowane guntun tangaran wurinsa in ruwan sama ya ja shi.

Shekara talatin da huɗu ta yi tana goge daɓen Babban Gida bayan an mai da shi wurin ziyara. Kada wani ya ce ƙin Shugaban take. In za ta kakkaɓe gunkinsa na dutse sai ta ce, "Tsoho, ɗaga haɓa, ka sake tara ƙura." Takan ce maganganun da ya rubuta kan 'yancin ɗan Adam masu kyau ne, matsalarsa kawai mu mun fi shi yarda da su.

Wata rana tana durƙushe tana guga, wata baƙuwa ta tambayi yarinyar da ke zagayawa da baƙi wa ya haƙa lambun nan mai kyau. Yarinyar ta ce ma'aikatan gida. Goggo ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Bayi, 'yata," ta ce. "Ma'aikaci in ya gaji yana iya tafiya."

Aka dakatar da ita mako guda. Ta dafa burodin masara, ta ƙulle a ƙyalle, ta je ta ƙarar da makon a maƙabarta tana cire ciyawa.

Ni na kai ta maƙabartar a mota bayan kwashe kwanukan da aka yi. Ta daɗe tsaye tana kallon wurin, an daidaita shi kamar filin ƙwallo, duwatsu ne kawai tsirara. Ba ta yi kuka ba. Ta ce in kai ta ofis.

Shugaban hukumar, Mista Pruitt, ya ba da haƙuri iya bakinsa. Ya ce ma'aikatan baƙi ne, ba su sani ba. Ya ce buhunan suna nan a kulle a ɗakin ajiya har kwamiti ya zauna nan da wata shida, za a kawo masana, kuma za a kafa babban dutse mai sheƙi don tunawa da waɗanda ba a san sunayensu ba.

"Wa ya ce maka ba a sani ba, Yallaɓai?" in ji Goggo. "Kai ne dai ba ka sani ba."

Ya miƙo mata kujera ta ƙi. Ta dafa sandarta ta fara, daga layin da ke kusa da rafi: Cato, Dilsey, Primus, Hagar, jaririn Hagar, tana jero su kamar mai kiran 'ya'yanta cin abinci. Sakatariya ta daina buga na'ura. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na wannan lokaci ba. Sai a na talatin da takwas ta tsaya. Bakinta yana motsi, suna ya ƙi fitowa. Ta tsallake, ta sake tsayawa a na arba'in da ɗaya.

A mota ta ce mini, "Vernice, in na ga kwanon sunan zai zo. Idona ne ya riƙe su, ba kaina ba."

Ga shi tun ranar wani sunan ya ƙara kuɓuce mata, uku ke nan. Mace mai shekara tamanin da bakwai kuke ce wa ta jira wata shida.

Mista Pruitt, da kai da kwamitinka, ba ma son dutsenku. Ku buɗe ɗakin ajiyar nan ranar Asabar mai zuwa. Mutanen da suka kwashe su ɗauko buhunan su kai bakin rafi, su shimfiɗa tabarma su juye a hankali. Ku kawo wa Goggo kujera da laima, ku zo da takarda da alƙalami. Inda ta nuna, nan za ku ajiye, abin da ta faɗa, shi za ku rubuta.