Golar Filifin da Kabarin Yayana

Tafiyar nan ta ba ni wuya, ba sai na ɓoye ba. Shekara da shekaru ina jan tirela tsakanin Kano da Legas, ƙuguna bai taɓa riƙewa kamar yadda kujerar jirgin sama ta riƙe shi ba. Mun tashi da asuba zuwa Abuja, muka yada zango a ƙasar Larabawa, muka sake ɗagawa har na daina sanin wace salla ake ciki.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, Inna ce ta aike ni. Yayana Habu ya tafi Maleshiya karatu tun ina yaron mota. Ya auri wata nas 'yar Filifin, suka haifi mace, aka sa mata sunan Inna. Yarinyar na ƙarama zazzaɓi ya ɗauke shi, aka binne shi can, uwar ta koma ƙasarsu da ita, zumunci ya yanke. Sai bana wani ɗan unguwarmu, malamin jami'a da ke ƙaro karatu a Kuala Lumpur, babban birnin Maleshiya, ya turo hoto: mai tsaron ragar ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata ta ƙasar Filifin, doguwa, baƙa, da sunan Habu a bayan rigarta. Za su zo wasa garin. Inna idonta ya yi rauni. Ta shafa fuskar wayar ta ce, "Hoto ba ya yi mini komai. Je ka, muryarta nake so in ji kafin in bi ubanta."

Malamin ne ya sauke ni a gidansa, hawa na sama a wani dogon bene a unguwar Wangsa Maju. Garin tsaf, amma zafinsa jiƙaƙƙe ne, kana fitowa wanka kana zufa. Shinkafarsu da ruwan kwakwa ake dafawa, miya kuma da sukari, na ci don kada in mutu. Abin da ya fara tsaya mini a rai jirgin ƙasansu. Na je can gaba don in gaisa da direba, irin ta 'yan sana'a ɗaya. Ba kowa. Gilashi kawai, da titin ƙarfe yana shigowa. Yana tsayawa da kansa, yana buɗe ƙofa, yana tashi. Malamin yana dariya, ni kuwa ban sake zama a gaba ba.

Shi ya yi wa 'yar Habu magana ta waya, ta yarda mu zo wajen atisayensu da hantsi. Filin fayau, kujeru babu kowa, sai karan ƙwallo yana dukan bango yana dawowa. Ban tambayi wacce ce ba. Tana tsaye bakin raga, kafaɗar hagu a sauke, tana cizon leɓe. Tsayuwar Yaya Habu ce sak, lokacin da yake yi mana gola a filin makarantar unguwa. Yarinyar da ba ta taɓa ganin ya kama ƙwallo ba.

Da suka tashi ta zo da ɗingishi kaɗan. Ba ta jin Hausa, ni kuma Turancina na tasha ne, malamin ke yi mana tafinta. Tito take ce mini, wai baffa ke nan a yarensu. Ta ce a ƙauyen uwarta ta fara ƙwallo da maza, ba takalmi. Su suka tura ta raga don ta fi su tsawo, kuma ba wanda ke son ya tsaya kusa da baƙa. Daga nan makaranta ta ɗauke ta, sai kulob, sai ƙasa. Ta daɗe a benci kafin ta samu raga. Ta nuna mini yatsu biyu da suka karye suka ɗore a karkace, da tabon aiki a gwiwa. Ta ce likita ya gaya mata gwiwar ta kusa gama aikinta, wataƙila wannan ce fitarta ta ƙarshe da rigar ƙasa.

Na so in kira Inna nan take, amma a Kano tsakar dare ne. Muka ce bari mu fara zuwa kabarin, ita kaɗai ta san inda yake.

Maƙabartar tana tsakiyar dogayen gidaje, amma kana shiga ƙarar gari ta ɗauke ɗif. Kowane kabari da duwatsu biyu a tsaye, an naɗe kawunansu da farin ƙyalle, kamar mutane a zaune sun ba ka baya. Wasu itatuwa marasa ganye da yawa suna ta zubar da farin fure mai ƙamshi mai nauyi. A wajenmu mace ba ta shiga maƙabarta, amma ban hana ta ba. Ta yafa tawul a ka, ta wuce gaba ba ta ko dubawa, ta tsaya. Ƙyallen kan dutsen Yaya Habu sabo ne. Ta ce ba ita ta sa ba, ta yi shekaru rabonta da garin. Malamin ya ce wataƙila masu kula da wurin ne. Na duba na kusa da shi, duk sun yi baƙi sun ruɓe. Na yi addu'ar da zan yi.

A mota ta ce mu tsaya a mamak, shagon shayin Indiyawa, ko ruwa mu sha. Na ce na gaji, a kai ni gida, ta biyo mu ta jira gari ya waye a Kano. Ta ce a'a. A al'adarsu ba a wucewa gida kai tsaye daga wajen mamaci, sai an ratse wani wuri an karkaɗe, kada ya biyo ka. Na ce wa malamin, "Gaya mata camfi ne. Wanda ya mutu ya mutu. Ubanta Musulmi ne."

"Alhaji, shayi ɗaya ne lah," in ji shi, da irin ƙarshen maganar 'yan garin.

"Ka gaya mata yadda na faɗa."

Ya gaya mata. Ta dube ni ta madubi, ta ce ita da uwarta kaɗai suka baro wannan kabarin ranar da aka rufe shi, kuma sun tsaya a shago, ba wanda ya zo ya koya musu wata hanya. Ta sa aka tsaya, ta sauka, ta tafi da ɗingishinta.

Malamin ya ajiye ni ya wuce jami'a, iyalinsa sun fita. Da la'asar hadari ya haɗo, gari ya yi duhu kamar magariba. Ina zaune ni kaɗai sai na ji ƙwallo a barandar waje. Dum. Shiru. Dum. Ba irin wasan yara ba, a hankali, kamar mai jiran a buɗe masa. Na buɗe. Baranda doguwa, ba kowa, ƙofar lif a buɗe da fitila tana jira. Na rufe na karanta Ayatul Kursiyyu. Ban ce ga abin da na ji ba, bene ne mai yara da yawa. Amma ƙamshin furen nan yana ɗakin har aka yi isha, kuma ban iya ɗaga kiran Inna ba. Me zan ce mata? Na tsallake duniya na kori jikarta a kan kofin shayi? Kai, baki shi ke yanka wuya.

Washegari na sa malamin ya kai ni otal ɗinsu. Na zauna a dakalin ƙofa har rana ta take tsaka, daidai asubar Kano, sannan na kira Inna na ce ta riƙe. 'Yan wasan suka fito za su shiga bas. Ta gan ni ta tsaya. Na miƙa mata wayar da hannu biyu. Ta jima tana kallonta, ta karɓa, ta kara a kunne. Sai ta buɗe baki da jimla ɗaya ta Hausa, wadda ita kaɗai ta rage mata daga ubanta, da irin jan harshen da Yaya ke yi in ya buga waya gida: "Inna, kin tashi lafiya?"

Na ji numfashin tsohuwa daga inda nake tsaye.

"Habu?" in ji Inna.